Ga Ni Nan

Mijin yayata mai gyaran wuta ne, kuma duk unguwarmu babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Ganinan ake ce masa. Yaran da ba su kai ƙugunsa ba ma haka suke kiransa, ya juyo yana washe baki, don shi a ganinsa kirari ne. In fankarka ta tsaya ka buga masa waya, kafin ka gama sallama zai ce, “Ga ni nan.” In soket ya yi tartsatsi, ga ni nan. In gidanka ne ma ke ci da wuta, wallahi ga ni nan ɗin dai za ka samu, da murya mai daɗi kamar yana bakin ƙofarka yana cire takalmi. Sai ka yi wanka, ka ci abinci, ka yi barci ka tashi, sannan ka ji ƙarar babur ɗinsa. In ka yi sa'a ke nan.

Ba zan yi masa ƙarya ba duk da ba na ƙaunarsa: ya iya aikinsa. In ya hau tsani da filaya a baki, wayar da ta gagari mutum uku sai ka ga ya warware ta yana hira. Shi ya sa mutane ba su rabu da shi ba. Sun dai koyi zama da shi. Mai son aiki da yamma sai ya kira shi da safe, mai biki ranar Asabar ya fara kira tun Laraba. Kalmar kuwa ba wanda yake jin ta kuma. Ta zama kamar tarin da mutum ke yi kafin ya fara magana.

Ni ƙanwar matarsa ce, sana'ata kitso, kuma bakina ba ya ajiye magana. Akwai wasa tsakanina da shi tun ranar da ya fara zuwa zance wurin Yaya, ya iso bayan an gaji da jira an naɗe tabarma. Nakan ce masa, “Kai ranar mutuwarka ma sai an yi ta jiranka.” Ya ce, “Ke dai tanadi kuka, ga ni nan.” Mu yi ta dariya. A lokacin abin dariya ne.

Yaya kuwa ba irina ba ce. Ɗinkin kayan makaranta take yi, kekenta a baranda, allura a bakin mayafi, zare maƙale a gashinta kullum. Mace ce mai shiru, irin wadda in ranta ya ɓaci sai dai ka ji keken ya ƙara gudu. Ɗaki biyu ne gidan nasu da ɗan kicin a gefe, kuma ƙwan wutar kicin ɗin nan ya mutu tun ban san yaushe ba. Matar mai gyaran wuta tana girki da tocila a hammata! Kullum ta yi masa magana, kullum amsar ɗaya ce.

'Ya'yansu biyu, namiji babba da ƙaramar mace. Yarinyar tana da asma, in ta taso mata sai ƙirjinta ya riƙa fito, shi ya sa uban da kansa ya sa mata suna Usur. Tana sonsa kamar me. Ita ce mai riƙe masa jakar aiki, ita ce mai zama a gaban babur tana danna ham. Kuma duk faɗin unguwar nan ita kaɗai ce ke jin kalmarsa da ma'anarta. In ya ce ga ni nan, sai ta sa takalmanta ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Mukan yi mata dariya mu ce, “Usur, zo ki zauna, ƙafarki za ta yi saiwa.” Sai ta ce, “Ai ya ce ga shi nan.”

Ranar da abin ya faru ina gidan, ina yi wa Yaya kitso, na gama rabin kai. La'asar ce, hadari ya haɗu, iska ta taso. Abin shaƙar yarinyar ya ƙare, an gaya masa ya sayo, ya ce to. Sai muka ji fiton daga ɗaki, wani irin siririn fito da ban taɓa jin kamarsa ba. Yaya ta ɗauki waya ta kira shi. Da kunnena na ji ta ce, “Usur ba ta iya numfashi, ka zo da babur yanzu mu kai ta asibiti.” Da kunnena kuma na ji amsar, da muryar nan mai daɗi.

Za ku ce mata biyu manya, da muka san halinsa, me ya sa muka jira? A bayan layinmu yake aiki ranar, in ya tayar da babur kafin ka kurkure baki ya iso. Titin da ake samun tasi kuwa yana da nisa, ga ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kuma wa zai zaci uba zai ji an ce 'yarsa ba ta numfashi ya tsaya? Yaya ta sake kira, ga ni nan. Ta sake kira, ga ni nan. Yarinyar tana zaune a gefen gado, kafaɗunta na hawa suna sauka, ta ce da ƙyar, “Baba ya taho?” Yaya ta ce, “Ya ce ga shi nan.” Sai ta nuna takalmanta a sa mata.

Da na ga leɓenta ya fara sauya launi na sunkuce ta. Ta riƙe ƙarfen ƙofa da 'yan yatsunta, wai kada Baba ya zo bai same ta ba. Sai da na ɓamɓare hannun. Yaya ta goya ta, muka faɗa cikin ruwan da gudu, rabin kanta a kitse rabi a tsefe. Mun samu tasi. A cikin tasin ne fiton ya tsaya.

Shi kuwa ina yake? Yana shagon aski, a kan tsani, yana ɗaura fanka, maza na gardamar ƙwallo a ƙasa yana sa musu baki, waya maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa. Da ya iso asibiti ya durƙusa yana rantsuwa. Wai bai ji abin da ta ce ba, ya zaci maganar ƙwan kicin ce. “Wallahi ban ma san na amsa ba,” in ji shi. “Bakina ne ya faɗa.” Kuma na yarda da shi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: ba ƙarya yake yi ba.

Duk da haka da an iya cewa ƙaddara ce a yi shiru. Amma ana zaman makoki, yana kan tabarma a ƙofar gida, mu muna ciki kusa da taga, wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka da jajayen idanunsa, ya saurara kaɗan, ya ce, “Ga ni nan.” Na kalli Yaya. Ba ta yi kuka ba, sai da mutane suka watse ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi.

“Kin ji shi?” ta ce. “Ba ya jin ta. Har yanzu ba ya jin ta. Ni ba abin da nake nema a duniya sai ya ji kalmar nan sau ɗaya, yadda yarinyar ta ji ta.”

Na ce, “Yaya, tattara kayanki mu tafi. Ki bar shi da fankokinsa.”

Ta ce, “In na tafi wa zai jiyar da shi?”

Haka ta zauna. Shekaru suka yi ta wucewa, yaron ya girma ya tafi aiki wani gari mai nisa, furfura ta fito wa Ganinan, wasan da ke tsakanina da shi ya mutu murus. In ya shigo ina nan sai in tashi. Yaya ta sha gwada yi masa maganar, da lallami, da faɗa, da kuka. Sai ya ce, “Kwananta ne ya ƙare, ki bar tone-tone,” ya ɗauki jakarsa ya fice. Ya kawo ƙwan kicin har gida ya ce zai saka, ta ce kada ya kuskura ya taɓa. Ta ci gaba da girki da tocila.

Sai wata rana hawan jini ya kayar da shi a gindin tsani, a wani shagon sayar da atamfa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Kwana da kwanaki yana kwance a asibiti ba um ba um-um. Ranar da ya fara buɗe baki ina tsaye da kwanon abinci a hannu. Ma'aikaciyar jinya ta sunkuya ta ce, “Baba, ina ke maka ciwo?” Ya yi ta kokawa da harshe, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ga ta ta fito tas, ba ko gargada:

“Ga ni nan.”

Allah na tuba, dariya ta ƙwace min. Na yi ta yi har da riƙe ciki, sai da aka fitar da ni waje. Mutumin da ko juyi ba ya iya yi a gado! Ai kuwa ranar ce ya fara faɗin gaskiya, don ga shi nan ɗin, babu inda za shi.

Ashe kalmar nan kaɗai ta rage masa. Akwai wata likita a asibitin, mai koya wa masu irin wannan ciwo magana. Ta ɗaga kofi ta ce, “Mene ne wannan?” Ga ni nan. Ta nuna Yaya ta ce, “Wace ce wannan?” Ga ni nan. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa sarai, idanunsa sun nuna. Amma in ya miƙa hannu cikin kansa zai ɗauko kalma, wannan ɗin ce kawai ke zuwa.

Ni da ba na iya shiru na ce, “Likita, duk kalmomin duniya a rasa wadda za ta tsira sai wannan?”

Ta yi murmushi ta ce ba shi kaɗai ba ne. Wasu sallama ce ke rage musu, wasu zagi, wasu lissafin ɗaya, biyu, uku. Wai maganar da mutum ya faɗa har ba adadi takan zama kamar hanyar da ƙafa ta saba, ba sai an yi tunani ba, baki ne ke kai kansa. Ciwon ya taɓa wurin da ake zaɓo kalma a haɗa ta da abin da ake nufi, amma irin waɗannan ba sa bin ta wurin sosai, shi ya sa suka sha. Da ta ga ina kallonta sheƙeƙe sai ta ce, “Ki ce cokali.” Na ce cokali. Ta ce in yi ta faɗa da sauri kada in tsaya. Na yi ta yi, cokali cokali cokali, kamar wata sabuwar kamu. Can sai na ji abin ya zama wani iri. Co, ka, li, sauti kawai ke fita, na rasa me ya haɗa shi da abin da ake shan miya da shi. Tsigar jikina ta tashi.

“Kin gani,” ta ce. “Kunne ma yana gajiya da kalma. In ta yi yawa sai ma'anar ta zame, sauti ya rage. Amma ki bar ta ta huta, anjima in aka ce miki cokali za ki ga cokali.”

Yaya tana gefe tana ninke zani.

Aka sallamo shi. Yaya ta sa aka juya gadonsa ya fuskanci ƙofa, ta ajiye masa kwanon silba da cokali kusa da hannun hagu, in yana son wani abu ya buga. Ranar farko ina nan. Muka ji kwam-kwam-kwam daga ɗaki. Yaya tana kan keke tana haɗa wuyan riga. Ba ta ɗago ba, ta ɗaga murya ta ce, “Ga ni nan.” Ta ci gaba da taka kekenta.

Kai! Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa. Ya sake bugawa, ta sake faɗa. Ya yi jifa da cokalin ya daki ƙofa, ya shiga ihu da abin da yake da shi, “Ga ni nan! Ga ni nan!” Ita ma daga baranda tana mayar masa a hankali. In baƙo ne ya shigo sai ya zaci mata da miji ne ke rige-rigen zuwa wurin juna. Ni kuwa na kwaso masu kitsona na dawo da su barandar Yaya, don kada wani ya ba ni labari.

Kada ku zaci ta bar shi cikin ƙazanta ko yunwa. Yaya ba ta yin aiki rabi. Tana yi masa wanka, tana juya shi kada bayansa ya yi gyambo, maganinsa bai taɓa wuce lokaci ba. Jiran ne kawai take ba shi. Shayi sai ya huce, ƙuda sai ya gama yawo a fuskarsa, rana sai ta gama dukan ƙafarsa kafin a ja labule. Maƙwabta suna cewa, “Kai, matar nan 'yar aljanna ce, ji yadda take amsa masa da taushi.” In na ji haka sai in cusa fuskata cikin gashin wadda nake yi wa kitso.

To amma abin bai ɗore ba. Bayan 'yan watanni ihun ya ragu, jifan cokali ya tsaya. Sai ya buga kwano, ya ji amsa, ya gyara kwanciya ya yi barcinsa. Can muka lura ɗan banzan ya koyi dabarar da duk unguwa ta koya a kansa: in zai ji ƙishirwa da azahar, tun hantsi yake fara bugawa. Wata rana Yaya ta ce masa ga ni nan, ta leƙa ta taga, ta same shi yana hamma. Ta dawo ta zauna a gaban keke ta daɗe ba ta taka ba.

“Kalmar ta mutu a kunnensa,” ta ce. “Ni ma na kashe ta.”

Daga ranar ba ta sake faɗa ba. Da ya taɓa kwano, kafin ƙarar ta gama fita tana kansa. Daga baya ma ba ta bari ya buga: ruwa na isowa kafin ƙishirwa, a ja labule kafin rana ta iso, a kore ƙuda tun bai sauka ba. Tun da ba ya rasa komai, shi ma bakinsa ya huta, sai a wuni a kwana bai furta ba. Ta kafa doka a gidan, babu mai faɗin kalmar nan. Ɗanta ya kira a waya ya ce, “Mama, ga ni nan zuwa ƙarshen wata,” ta kashe wayar. Ni ma ta ce in ta kira ni in ce ina zuwa, ko in yi shiru.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ganinan ya yi ƙiba, fatarsa ta yi sheƙi, in ya ga Yaya ta shigo har wani murmushin rabin baki yake yi, irin na wanda ya ci bulus. Na tare ta a kicin ɗinta mai duhu na ce, “Yaya, yafe masa kika yi? Ki gaya min in sani. Kin manta yadda na ɓamɓare hannun yarinyar nan daga ƙofa? Ni ban manta ba, har gobe ina jin 'yan yatsunta a tafina!”

Ta ce, “Haska min nan, albasa nake nema.”

Na yi fushi na daina zuwa, rani guda ban taka gidan ba. Sai da damina ta faɗi ta aiko min cewa kanta ya tsufa, in zo in yi mata kitso. 'Yar'uwa ce, ya zan yi? Na je ina kumbure-kumbure. Na tarar Ganinan na fama da murar da ta sauka masa a ƙirji, yana ta tari a ɗaki. Ta ba shi abinci da magani, ta share masa baki, ta fito ta zauna a gabana. Na fara tsaga. Hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa labulen baranda. Ban kawo komai a raina ba.

Na kai rabin kai ke nan tarin ya sarƙe shi. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, sai tarin ya ɗauke, wani abu ya maye gurbinsa. Fito. Siririn fiton nan da na ji sau ɗaya a rayuwata, na roƙi Allah kada in sake ji. Matsefi ya faɗi daga hannuna. Yaya ta ɗauki waya ta juya min baya, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ruwan da ya fara dukan kwanon rufi ya hana ni jin abin da ta ce. Sai ga ƙarar cokali, kwam-kwam-kwam-kwam, ba irin bugun mai son shayi ba.

Ta miƙe, rabin kai a kitse rabi a tsefe. Ta taka a hankali har bakin ƙofar ɗakin, inda zai gan ta sosai, ta tsaya. Ina bayanta ina leƙe. Yana zaune a karkace, kafaɗarsa mai rai na hawa tana sauka, idanu sun firfito. Da ya gan ta sai na ga hankalinsa ya ɗan kwanta, don wata da watanni in ya kira tana zuwa. Sai Yaya ta buɗe baki ta faɗa sau ɗaya, da taushi, da muryar nan tasa mai daɗi kamar ta mai cire takalmi a bakin ƙofa:

“Ga ni nan.”

Ba ta motsa ba.

Na ga kalmar ta shige shi, wallahi da idona na gani. Da farko ya miƙo hannu, don ya yarda. Sannan ya kalli ƙafafunta, ya ga ba su ɗaga ba. Ya kalli fuskarta, ya kalli kitson da ba a gama ba, ya kalli ruwan da ke zuba a bayanta. Fiton na fita daga ƙirjinsa yana jin sa da kunnensa.

“Haka Usur take kallon ƙofa,” in ji Yaya. “Da takalmanta a ƙafa.”

Bakinsa ya buɗe. Na ga harshensa ya ɗauko abin da ya saba ɗaukowa, “ga” ɗin har ta leƙo. Sai ya saki cokalin ya faɗi ƙasa, ya kai hannun hagu ya toshe bakinsa da ƙarfi, shi da ke neman iska. Hawaye suka bi ta kan yatsunsa.

A zuciyata cewa nake, bar shi, Yaya, bar shi ya ƙarasa. Ba zan ɓoye ba, haka na so. Amma na kasa jure jin sa, don fiton iri ɗaya ne, ba ka iya raba na uban da na 'yar. Ban san tsawon tsayuwar da muka yi ba, a wurina ta yi kamar shekara. Sai muka ji ham a ƙofar gida. Tasin maƙwabcinmu ne. Ashe shi ta kira tun fiton farko, kafin ma cokali ya taɓa kwano.

“Kama ƙafafun,” ta ce min.

Muka cicciɓe shi mu biyu da direban, cikin ruwan. A mota ta tallafe kansa ta ɗaga masa haɓa yadda iska za ta shiga, tana ce wa direba ya ƙara wuta. An karɓe shi da gaggawa, aka sa masa iska, aka zuƙe abin da ya sarƙe shi. Ya rayu. A barandar asibitin na ce mata, “Me ya sa?” Ta ce, “Ni ba shi ba ce. Kuma matacce ba ya jin komai.”

Tun daga ranar Ganinan bai sake furta kalmar ba. Likitar magana ta ɗaga masa kofi, ya kalle shi ya haɗe leɓe. Ta sa aka sake duba kansa ko wani sabon ciwon ne, ba a ga komai ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli Yaya ta ce wani lokaci mutum ne da kansa ke zaɓar shiru. Kalma ɗaya ta rage masa a duniya, kuma ya gwammace ya haɗiye ta. In wayar wani ta yi ƙara a kusa da shi sai ka ga jikinsa ya ɗauki ɓari. In yara suka wuce ta taga suka ce, “Sannu Ganinan,” sai ya runtse ido.

Ranar da muka dawo da shi gida, bayan an kwantar da shi a gadonsa mai kallon ƙofa, na ce, “To Yaya, ranki ya yi sanyi?”

Ta ce, “A'a. Amma ya ji.”

Sai ta buɗe durowar kekenta ta ciro ƙwan wutar da ya taɓa kawowa ta hana shi sakawa, yana nan cikin kwalinsa duk ƙura. Ta ja kujera zuwa kicin, ta ce in riƙe mata. Ta hau, ta murɗe tsohon, ta murɗa sabon. Ko numfashi uku ban ja ba kicin ya yi haske, har da baƙin hayaƙin da ya taru a bango muka gani. Daga inda yake kwance yana hango hasken ta ƙofa. Muka ji gadon yana girgiza, kuka yake yi ba murya.

Yaya ta sauko ta kakkaɓe hannunta, ta kashe tocilar ta ajiye a kan taga. Ta ce in zo in ƙarasa mata kitson, rabin kan ya dame ta.